Suna Linzami: Jariri Ba Ya Zama Takwaran Kyanwa

Akwai tambayar da in da a shekarun baya mutum ya yi ta a zauren malam, da sai an dube shi an tambaye shi ko lafiya. A yau kuwa ta fara leƙowa gidajen 'yan boko. Tambayar ita ce: iyali sun yi kiwon wata dabba, kyanwa ko aku ko doki, sun shaƙu da ita, sun laƙaba mata suna irin na mutane, ta yi shekaru a gidan sannan ta mutu. Bayan wani lokaci Allah Ya kawo rabo, aka sami ƙaruwa. Shin ya dace a raɗa wa jaririn wannan sunan?

Mai karatu na iya cewa wannan ai rigimar Turawa ce, ina ruwan Bahaushe da ita. To, amma duk wanda ya lura da yadda kiwon kyanwowin ƙasashen waje, masu yalwar gashin nan, ya zama abin yayi a biranenmu, ana sayensu da tsada, ana kai su wurin likitan dabbobi, ana kuma kiransu da Sultan da Zara da Amira, ya san cewa magana ta riga ta iso ƙofar gida. Ko a nan Wudil, garin da jami'a da makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda suka tara ma'aikata daga sassa daban-daban na ƙasar nan, ba a rasa gidan da kyanwa ke da sunan da in an kira, 'yar maƙwabta ma za ta waiwaya.

Ra'ayina a kan wannan al'amari shi ne, suna ba ya ƙazanta don wata dabba ta taɓa amsa shi. Amma mayar da suna wata girmamawa ce da Bahaushe ya keɓe wa ɗan Adam, kuma wanda zai ɗauki nauyin sunan daga zanen goyo har zuwa likkafani shi ne jaririn, wanda ba a yi shawara da shi ba.

Da farko dai, sa wa dabba suna ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda yake shakka ya je kasuwar shanu ta Wudil ranar Juma'a, ya tsaya kusa da makiyaya da dillalai ya kasa kunne. Bayan sunayen jinsi irin su bunaji da rahaji da bokoloji a shanu, ko balami da uda da 'yankasa a tumaki, Bafulatani makiyayi yana sanin shanunsa ɗaya bayan ɗaya, yana kiran kowace da sunan da ya ciro daga launinta ko ƙahonta ko uwar da ta haife ta, ita kuma ta ɗago kai. Haka ma a bargar sarakuna, inda ake da kili da akawal da danda da bidi da hurde da gunya, dukkansu sunaye ne da suka dogara ga launin doki da zanen jikinsa. Jakai ma suna da nasu, irin su aura da duna. Mafarauta kuwa suna yi wa karnukansu suna, har da kirari. Sannan a tarihin Musulunci an ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yana da taguwa mai suna Ƙaswa'u, da alfadari mai suna Duldul, da jaki mai suna Ya'afur.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan sunaye daga wani rumbu daban aka ɗebo su. Bahaushe ya gina rumbu biyu, ɗaya na sunayen mutane, ɗaya na sunayen dabbobi, bai kuwa yarda hatsin wannan ya zuba a cikin wancan ba. Ba za ka ji makiyayi ya kira saniyarsa Hadiza ba, ba kuma za ka ji uba ya raɗa wa ɗansa Akawal ba. Saboda haka tambayar da muka fara da ita ba ta taɓa tasowa ba a wurin kakanninmu, domin babu hanyar da sunan mataccen doki zai bi ya isa kunnen jariri. Masanin halayyar al'ummun nan na Faransa, Claude Lévi-Strauss, ya lura da irin wannan a littafinsa La Pensée sauvage na shekarar 1962. Ya ce Faransawa kan ba tsuntsaye sunayen mutane cikin sauƙi saboda tsuntsaye suna rayuwarsu nesa da ta mutum, amma sukan guji yi wa kare haka saboda yana cikin gida, kusancin ya yi yawa, ana buƙatar shinge. A yau wannan shinge ya rushe a Turai da Amurka, inda sunaye irin su Bella da Max da Charlie ke yawo tsakanin jarirai da karnuka. Abin da ya rushe a can ne muke shigo da ɓaraguzansa nan.

Sai dai kuma kada mu yi saurin cewa duk sunan da ya shafi dabba abin ƙi ne, domin in muka faɗi haka za mu kunyata kanmu. Mata nawa ne a ƙasar Hausa ke amsa sunan Hurera? A Larabci, hurairah ƙanƙantawa ce ta hirrah, wato 'yar kyanwa, kuma an ciro sunan ne daga alkunyar babban Sahabin nan Abu Huraira, wanda aka yi masa ita saboda wata 'yar kyanwa da yake ɗauka. Usama da Haidar da Laisu duk sunayen zaki ne. Uwaisu ɗan kyarkeci ne. Kalmar bakr da ke cikin Abubakar, sunan da muka mayar Garba da Habu da Buba da Bukar, tana nufin matashin raƙumi. A cikin kakannin Manzon Allah (SAW) akwai Kilab ɗan Murra, mahaifin Ƙusayyu, kuma kilab jam'in kare ne, domin Larabawan dauri sukan zaɓa wa 'ya'yansu maza sunaye masu kaushi don su razana abokan gaba. A gida kuma, Kano ta yi sarki mai suna Muhammadu Zaki, wanda ya yi mulki daga 1582 zuwa 1618, kuma har gobe da zaki da giwa da bijimi ake gaida sarakuna. Babu wanda ya taɓa jin kunyar ɗaya daga cikin waɗannan.

To, me ya sa Hurera ta zama sunan alfahari, amma in aka ce an raɗa wa yarinya Amira don tunawa da kyanwar gida da mota ta take, sai jiki ya yi sanyi? Amsar tana cikin ilimin harshe. Kowane suna yana da fuska uku. Akwai ma'anarsa ta asali, wadda ake samu a ƙamus. Akwai wanda sunan yake nunawa, wato mai amsa shi. Akwai kuma inuwarsa, wato labarin da ke biye da shi duk inda ya shiga. Masanin falsafa na Ingila, John Stuart Mill, ya yi bayani tun a 1843 cewa sunan yanka alama ce kawai, yana nuna mai shi ba tare da ya siffanta shi ba. Gaskiyarsa ta wani ɓangare, domin babu mai tuna raƙumi idan ya ji an kira Abubakar. Amma a 1970 wani masanin Amurka, Saul Kripke, ya gabatar da laccocin da daga baya suka zama littafin Naming and Necessity, inda ya nuna cewa suna yana samun ƙarfinsa ne daga ranar da aka fara raɗa shi, sannan ya bi ta bakin jama'a kamar sarƙa, kowane mai furta shi yana riƙe da zoben da ya karɓa daga na gabansa. Idan muka ɗauki wannan tunani muka auna al'adarmu da shi, za mu ga cewa sarƙar Hurera tana ƙarewa ne a kan Sahabi, kyanwar tana can bayansa. Sarƙar waccan Amira kuwa a kan kyanwar take ƙarewa kai tsaye. Kalma ɗaya ce za ta iya fita daga bakin liman, amma abin da aka ɗaure ta da shi ya bambanta.

A nan ne maganar takwara ta shigo, kuma ita ce zuciyar al'amarin. A al'adar Bahaushe, idan aka sa wa yaro sunan wani, ba aron kalma aka yi ba, an ƙulla dangantaka ce. In takwaran yana raye, akwai abin da ake sa ran zai yi, tun daga ragon suna ko kayan jariri har zuwa ɗinkin Sallah, wani ma ya ɗauki yaron ya riƙe. In kuwa ya rasu, sai a ce an mayar da sunansa, kuma daga ranar gidan ya sake samun mai amsa sunan marigayin. Saboda nauyin wannan ne ma ake sakaya sunan. Uba ba zai iya buɗe baki ya kira sunan mahaifinsa a tsakar gida ba, sai a ce Abba ko Baffa ko Babangida ko Halifa. Uwa ba za ta kira sunan surukarta ba, sai a ce Ummi ko Mama ko Inna ko Hajiya. Kaka takan kira takwaran mijinta da maigida, ta yi masa wasa, ta ajiye masa ɗan abin marmari. Duk wannan tsari an gina shi ne a kan fata guda, cewa yaro ya gaji halin mai sunan, ya kuma zama dalilin da za a riƙa tunawa da shi ana yi masa addu'a. Ko hukumomi da wannan ma'auni suke aiki: lokacin da aka sauya wa jami'ar Wudil suna a 2022 ta koma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, kowa ya fahimci cewa karramawa ake nufi.

Yanzu mai karatu ya ɗauki wannan tsari ya ɗora a kan kyanwa. Wane hali yarinyar za ta gada? Wace addu'a za a yi? Me za a ce wa kakar da take zaune tana jiran a mayar da sunan mahaifiyarta, ta ji an tsallake ta an ɗauko na dabba? A gidajenmu, zaɓen suna yakan haddasa gaba ta shekaru tsakanin dangin miji da na mata a kan abin da bai kai wannan ba.

Wani zai ce, ai Bahaushe da kansa yakan sa wa yaro mummunan suna, ga Ajuji, ga Ayashe, ga Bawa. Haka ne, amma a duba dalili. Waɗannan laƙabobi ne na 'ya'yan wabi, waɗanda uwarsu ta sha binne 'yan'uwansu. An yi su ne a bisa tsohon camfin cewa in an nuna ba a damu da yaro ba, mutuwa za ta kau da kai. Ko da camfin ba shi da tushe a addini, manufarsa ita ce kare yaron. Haka ma sauran laƙabobinmu, duk labarin yaron suke bayarwa: Ɗanladi da Talatu da Jummai suna faɗin ranar haihuwa, Tanko da Kande suna faɗin waɗanda aka bi, Gambo ya biyo tagwaye, Azumi ta zo a watan Ramadan, Nomau ya zo ana noma. Sunan mataccen abin kiwo kuwa ba labarin yaron yake bayarwa ba, labarin kewar iyayensa yake bayarwa. An ɗauki baƙin cikin manya an rataya a wuyan jariri.

Mun kuma ga yadda haɗa sunan mutum da dabba ke iya zama fitina a ƙasar nan. A watan Agustan 2016, 'yan sanda a Jihar Ogun sun kama wani ɗan kasuwa a yankin Sango-Ota saboda ya sa wa karensa suna Buhari, ya rubuta sunan a jikin karen. Wani maƙwabcinsa ɗan Arewa ne ya kai ƙara, yana cewa sunan mahaifinsa ke nan. Mai karen ya ce shi ƙauna ce ta sa shi, domin yana sha'awar shugaban ƙasa na wancan lokaci, marigayi Muhammadu Buhari. An gurfanar da shi a kotu bisa zargin aikata abin da zai iya ta da zaune tsaye, kafin a kori ƙarar a 2017. Ko mutum ya goyi bayan kamun ko bai goya ba, darasin a fili yake: abin da wani ya kira ƙauna, wani zagin uba ya ji. Niyyar mai sa suna ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba, kunnen jama'a ma yana da nasa rabon.

A wasu ƙasashen lamarin ba haka yake ba, kuma adalci ne a faɗa. Shahararren mai shirin namun dajin nan na Ostareliya, Steve Irwin, wanda ya rasu a 2006, ya sa wa 'yarsa da aka haifa a 1998 suna Bindi Sue. Bindi sunan wata kada ce da yake ji da ita a gidan namun dajinsu, Sue kuma daga sunan karyarsa Sui aka ciro shi. Jama'arsa ba su ga aibin haka ba, yarinyar ma ta girma ta gaji sana'ar uban. Haka kuma sunan jarumin finafinan Indiana Jones, daga sunan karen George Lucas aka samo shi. Amma waɗannan al'ummu ne da kalmar kare ba ta cikin manyan zaginsu na yau da kullum yadda take a namu. Yaron da za a haifa a Wudil ba a can zai yi makarantar allo ba. A nan zai yi, cikin yaran da in suka sami abin tsokana ba sa sakinsa har a yi aure, a cikin harshen da ɗan kare da kyanwar Lami suke da mazauninsu.

Addini ma ya tsaya ne a gefen yaron. Malamai sun lissafa kyakkyawan suna a cikin haƙƙoƙin ɗa a kan mahaifinsa, kuma Ibnul Ƙayyim ya yi dogon bayani a kan haka a littafinsa Tuhfatul Maudud. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya sauya wa mutane sunaye saboda ma'anarsu. Ya mayar da Barra ta koma Zainab. Ya mayar da wata mai suna Asiya, da harafin da ke ba da ma'anar mai saɓo, ba irin na matar Fir'auna ba, ta koma Jamila. Ya so ya mayar da Haznu, wato mai tsauri, ya koma Sahlu, mutumin ya ƙi, jikansa Sa'idu ɗan Musayyib kuma ya ba da labarin cewa tsaurin bai bar gidansu ba. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana jifan juna da miyagun laƙabobi, to ina ga uban da ya miƙa wa masu jifan dutse da hannunsa? Wannan ba yana nufin kewar dabba laifi ba ce. Ƙanin Anas ɗan Malik, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, ya mutu, Manzon Allah (SAW) kuma ya kula da damuwar yaron har ya tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha. An kuma ruwaito azabar matar da ta tsare kyanwa har ta mutu da yunwa, da gafarar wanda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Tausayin dabba ibada ne. Sai dai kowane abu da muhallinsa.

Ga kuma dokar zamani. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 7, ta ce kowane yaro yana da haƙƙin suna tun daga haihuwa, Dokar Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta 2003 ma ta maimaita haka. A da, in suna ya yi wa mutum nauyi, laƙabi yakan binne shi. A yau sunan da aka raɗa ranar bakwai shi zai hau takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, ya hau lambar shaidar ɗan ƙasa, ya hau takardun jarrabawa da na banki da fasfo. Duk wanda ya taɓa neman gyara ko da harafi ɗaya ya san abin da ke ciki: rantsuwa a kotu, sanarwa a jarida, da sintiri daga wannan ofis zuwa wancan. Kuskuren safiya guda yakan ci wa mutum shekaru.

Saboda haka, ga yadda nake ganin ya kamata a warware. Idan sunan na mutane ne tun asali, mai kyakkyawar ma'ana, kamar Zara ko Amira, kuma iyaye suna da dalilinsu na sonsa, to kada a haramta wa yarinya shi don kawai wata kyanwa ta taɓa aronsa. Dabbar ce ta ara, ba ita ke da shi ba. Amma a gyara niyya tun daga huɗubar da uba zai yi a kunnen jaririya, a ɗaure sunan a kan mutumin kirki, wata kaka ko gwaggo ko ɗaya daga cikin matan farko na Musulunci, yadda in ta girma ta tambayi wace ce takwararta za a sami amsar da za ta iya maimaitawa a gaban surukanta. In kuma dangi da maƙwabta sun riga sun san sunan da kyanwar, har ba za su iya jin sa ba tare da murmushi ba, to a haƙura, sunaye ba su ƙare ba. Idan kuwa sunan daga rumbun dabbobi ya fito, ko kuma manufar ita ce a rayar da tunawa da dabbar, to a nan babu wata doguwar shawara, a bari.

Gyaran da ya fi wannan sauƙi kuwa shi ne a tare matsalar tun daga tushe, wato mu daina kwasar sunayen mutane muna raba wa dabbobi. Hausa ba ta talauce ba. Wanda ya sayi kyanwa fara ya kira ta Alli ko Auduga, mai baƙa ya ce Duna ko Gawayi, mai ja ya ce Manja, mai santsin gashi ya ce Alharini. Yin haka zai kare martabar maƙwabcin da ke da 'ya mai suna Amira, ya kuma bar wa jariran gobe rumbunsu a cike.

Dabba tana da matsayinta a ranar suna, kuma shari'a ta riga ta faɗe shi: rago ne da uba zai saya, a yanka, a raba wa dangi da mabuƙata, a yi wa mai jego ƙauri. Hausawa suka ce suna linzami ne. Linzami kuwa ana sa shi ne don a ja abin hawa zuwa inda ake so ya je, don haka kowane uba ya duba da kyau inda ya nufa da ɗansa kafin ya sunkuya a kan kunnensa. Allah Ya raya mana zuriya, Ya sa su gaji na ƙwarai.